Shekara 70 a kan karaga: wane iko Sarauniya Elizabeth take da shi?

Jikan Mahayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin mahayan da suka yi hawan daba a Kaduna a 1956, lokacin da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta zo da mijinta Filip. Har ya koma ga Allah yana ba mu labarin ƙurar ranar, da yadda suka yi kwana da kwanaki suna gyaran kayan doki. A wurinsa duk duniya babu mai iko irin na matar nan. Ni kuma na taso ina jin cewa firaminista ne ke mulki a can. Don Allah wanne ne gaskiya?

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kaka. A zamaninta, majalisa ce ke yin doka, ita kuma ta sa hannu. Amma duk mako firaminista sai ya je ya zauna da ita su biyu kaɗai, ba mai rubuta abin da aka faɗa. Ka duba, ta yi aiki da firaminista 15, daga Winston Churchill har Liz Truss, wadda ta naɗa saura kwana biyu Sarauniyar ta rasu a gidanta na Balmoral da ke Scotland, ranar 8 ga Satumba 2022. Wanda ya ga jiya ya ga yau haka, ai dole a saurari shawararsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba a haife ta don sarautar ba. Yayan mahaifinta, Edward na Takwas, shi ya ajiye mulki a 1936 don ya auri wata Ba'amurkiya bazawara, sai mahaifinta ya hau karaga. Tana shekara goma a lokacin. Ranar 6 ga Fabrairu 1952 tana Kenya aka kai mata labarin rasuwar mahaifinta, tana da shekara 25.

Baban Yara:
Malama, kin ambaci Kenya kin wuce. A wannan shekarar ce aka kafa dokar ta-ɓaci kan 'yan Mau Mau, masu yaƙi da mulkin mallakar Birtaniya a Kenya, aka tsare dubban mutane a sansanoni, aka azabtar da su, duk da sunan gwamnatinta. Na yarda ba ita ta ba da umarni ba, amma shirunta yana damuna ƙwarai.

Malamar Tarihi:
Gaskiyarka. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta biya diyya ga sama da mutum 5,000. Ban kare wannan ba.

Jikan Mahayi:
Na gode muku. Yanzu na tuna, Kaka yakan ce ko bayan 'yancin kai ita ce Sarauniyar Najeriya, muna yi masa gardama. Na bincika, ashe haka ne, har 1 ga Oktoba 1963 da muka zama jamhuriya. Da yana raye da yau na je na ba shi haƙuri.