Fayil ɗin asibiti a kwamfuta: abin da kowannenmu ya gani da idonsa

Mai buɗe zance, daga Zariya:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta fi shekara goma tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma sau biyu fayil ɗinta ya ɓace a ɗakin kati, dole muka sake gwaje-gwajen da muka riga muka biya kuɗinsu. Tun da asibitin ya zuba bayanai a kwamfuta, lambar kati kawai muke miƙawa, likita ya ga maganin da take sha da sakamakon gwajin bara. Sai dai da aka tura mu wani asibitin a Kano, daga farko aka soma komai, domin na'urorin biyu ba a haɗe suke ba. Ina roƙon waɗanda ke zaune inda aka haɗe bayanan ƙasa gaba ɗaya su faɗa mana abin da suka gani.

Ma'aikaciyar jinya, daga Ingila:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. A nan akwai taƙaitaccen bayanin kowane majiyyaci da ma'aikacin da ke da izini zai iya buɗewa daga wani gari, ya ga magungunan da mutum yake sha da waɗanda jikinsa ba ya karɓa. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka kawo a sume, ba ɗan uwa ko ɗaya tare da shi, kuma wannan bayanin ne ya nuna mana cewa fenisilin yana cutar da shi kafin a ɗaura masa. Amma ina bakin aiki ranar Juma'a 12 ga Mayun 2017, lokacin da harin WannaCry, wata muguwar manhaja mai kulle kwamfutoci, ya dagula aiki a kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin Ingila, aka soke ganin likita kimanin 19,000. Mun koma biro da takarda, muna aika ma'aikaci da ƙafa ya karɓo sakamakon jini, kuma har yau gabana yakan faɗi idan allon ya daɗe bai buɗe ba.

Wata uwa, daga Kaduna:
Ni damuwata sirri ne. Na yi ɓari kafin kowa a dangin mijina ya san ina da ciki, amma ba a yi mako ba aka fara zuwa mini jaje. Daga baya na gano cewa ma'aikatan sashen lambar sirri ɗaya suke shiga da ita, saboda haka ba wanda za a kama. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma idan asibiti ɗaya ya kasa riƙe wannan amana, ina tsoron ranar da fayil ɗina zai buɗu daga kowace jiha.

Ɗalibi, daga Estoniya:
Yaya, Allah ya mayar miki da alheri. Wannan ƙasa ta haɗe bayanan lafiyarta tun 2008, kuma abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne duk wanda ya buɗe fayil ɗina sunansa da lokacin suna fitowa, ni kuma ina gani da katin shaidata. Majiyyaci yana iya rufe wani ɓangare na bayanansa idan ya so. Da haka tsarin yake a asibitinku, da kin san wanda ya leƙa.

Ma'aikacin lafiya a karkara, daga Jigawa:
An kawo mana na'urar hannu, amma sabis yakan ɗauke kwana biyu, cajin kuma sai an kai kasuwa. Yanzu duk mai awon ciki sau biyu nake rubuta ta, a rajista da safe, a na'ura da dare, kuma katin da matar ke riƙe da shi a jakarta nake fara tambaya.