Manyan kurame a gidajen kulawa: yaushe za mu bar su su yi da kansu?

Wata ma'aikaciyar gidan kulawa, Tudun Wada, Kaduna:
Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina aiki da manyan kurame, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda tausayinmu yake ɗaure musu hannu. Akwai wata baiwar Allah da sanƙarau ya tafi da jinta tun tana ƙarama, ta haura shekara talatin ba ta taɓa yin ciniki ba, domin mu ne muke sayo mata komai. Ranar da na kai ta Kasuwar Barci na koma gefe, sai na ga ta ɗaga wata rigar gwanjo, mai kaya ya nuna yatsu huɗu, ita ta nuna uku, ta juya kamar za ta tafi har ya yafito ta. Sau biyu ta ƙirga canjinta kafin ta ƙulle shi a bakin mayafi. Ina son jin abin da kuka gani.

Wani kurma, tela, Kawo:
Malama, Allah ya saka da alheri. Na yi shekara huɗu a irin wannan gida, ban rasa ci ba, ban rasa sha ba, amma a ɗakina ma sai dai in ga mutum tsaye a kaina, tunda ba na jin sallama. Da aka mayar da makunnin fitila bakin ƙofa daga waje, mai shigowa ya kunna ya kashe ya jira in buɗe, ranar na san ɗakin nawa ne. Sannan a lura, ba dukanmu ne muka yi makaranta ba. Alamun da ake koyarwa a aji sun samo asali ne daga na Amurka, waɗanda Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke malamin kurame, ya kawo Nijeriya a 1960, alhali yawancin dattawanmu maganar hannu ta Hausa suka tashi da ita, kuma ma'aikacin da ya raina ta ya rufe musu baki ke nan.

Yayar wani kurma, Rigasa:
Ni ce na daɗe ina hana ƙanena shiga keke shi kaɗai. Yanzu yana rubuta unguwar da zai sauka a waya ya nuna wa direba, kuma duk Juma'a da kansa yake zuwa gaishe da Inna.

Wani tafintan kurame, Unguwar Rimi:
Yaya, kin kyauta da kika sake shi. Dokar hana wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadar hanyar sadarwa ga irinsu, amma na raka wani dattijo wani asibiti inda likita ya riƙa tambayata ciwon da ke cikin mutumin da ke zaune a gabansa. Na ja kujerata kusa da ta likitan, na roƙe shi ya dubi mara lafiyarsa, dattijon kuwa ya ɗaga riga ya nuna wurin da kansa.