Koya wa yara bukukuwan hunturu na duniya

Malaman firamare da suka tattauna a Garwa sun ce a fara da abin da yaro ya sani, wato hazo da sanyin Disamba. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a nan, sai a kankare ƙanƙarar firji a faranti su taɓa. Biki ɗaya a mako, minti 15. In an haɗa uku, ɗan shekara biyar cakuɗa su zai yi. A nuna a kalanda: Kirsimeti 25 ga Disamba, a Habasha kuma 7 ga Janairu. Hanukka ta Yahudawa dare takwas ce, kowane dare ana ƙara kyandir ɗaya. Lallai a sanar da iyaye tun farko cewa darasi ne kawai, babu ibada a ciki, don rashin sanarwa ke jawo ƙorafi.