Hoton kusa da ƙaramar kamara: me ya sa yake fitowa dishi-dishi?

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum, manya. Ina da ƙaramar kamara irin ta aljihu, wadda idonta ke fitowa in an kunna, ya koma ciki in an kashe. A bakin idon an rubuta 5.0–25.0 mm. So nake in koyi ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa: ɗinkin dukawa a jikin jakar fata, furen tumfafiya, fara da ƙudan zuma a garka. Abu uku ke damuna. In na matsa kusa na ja zum, sai ta ƙi kama abin, ta je ta kama bangon da ke baya. In ta kama kuwa, rabin furen ya fito tar, rabi dishi-dishi. In na kunna filashi, sama ya yi fari fat, ƙasan hoton ya yi baƙi kamar an tare da hannu. Wasu sun ce sai dai in sayi babba. Laifin kamarar ne, ko akwai abin da ban sani ba? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna. Ƙaramar kamara ta fi yadda ake zato a wannan aiki, domin idonta gajere ne, kuma gajeren ido yana barin wuri mai ɗan kauri ya fito tsaf fiye da na manyan kamarori.

Jan zum ɗin nan shi ne ya hana ta kamawa. Kowace kamara tana da iyakar kusancin da za ta iya gani, kuma iyakar tana canjawa da zum. A 5 mm, wato zum a mayar da shi baya gaba ɗaya, irin taka takan kama abu daga santimita 3 zuwa 5, wasu ma har santimita 1. Da ka ja shi zuwa ƙarshe, iyakar sai ta koma wajen rabin mita ko mita guda. Kai kana tsaye a santimita 10, ita kuwa ba ta ganin komai ƙasa da 50, dole ta tsallake furen ta kama bango. Saboda haka mayar da zum baya, ka danna maɓallin da ke da alamar fure, ka ga furen ya bayyana a allo, sannan ka matsa da jikinka. Zum na dijital kuma ka kashe shi daga cikin menu, yanka hoton kawai yake yi ya kumbura shi.

Kafin ka fita garka, auna kamararka sau ɗaya. Ajiye rula ta ƴan makaranta a kan tabarma, ka yi ta matsawa kana danna maɓallin ɗauka rabi, har inda akwatin da ke tsakiyar allo ya daina zama kore. Ja baya kaɗan ka ɗauka, ka ƙirga milimita nawa suka cika faɗin hoton. Sensar yawancin waɗannan kamarori, wato ɗan faifan da hoto ke sauka a kai a cikin kamara, faɗinta milimita 6 ne da ɗan ɗoriya. In ka ga milimita 30 a hoton, to abin yana sauka a kan sensa da kashi ɗaya cikin biyar na girmansa. Daga nan ka san fara za ta cika maka hoto, cinnaka kuwa ba zai cika ba, kuma ka san tazarar da ba za ka wuce ba.

Batun rabi tar rabi dishi-dishi, haka hoton kusa yake. A irin wannan tazara, kaurin wurin da ke fita tsaf bai wuce milimita 1 ko 2 ba, numfashinka kaɗai ya isa ya kawar da shi. Sa kamara ta riƙa kamawa da akwatin tsakiya guda ɗaya, kada ka bar ta ta zaɓa da kanta. Ɗora akwatin a kan abin da ya fi muhimmanci, in ƙwaro ne idonsa, in fure ne tsakiyarsa. Danna rabi ka riƙe, ka ɗan yi gaba ka ɗan yi baya kana kallon allo, inda ya fi fita ka ƙarasa dannawa a hankali. Sannan ka lura da yadda kamara ke fuskantar abin. Fara in ka ɗauke ta ta gefe, jikinta na layi ɗaya da fuskar kamara, daga kai har ƙafar baya za ta fito. In ka zo mata ta gaba, kai kaɗai za ka samu. Ɗinkin fata ma haka: shimfiɗa jakar, kamara ta kalle ta daga sama sak, ba a karkace ba. Ka ɗauki goma ko ashirin na abu ɗaya, ka zaɓi biyu a kwamfuta, don allon kamara ƙarami ne, yana ɓoye girgiza.

Na Garin Malam ya amsa:

Ƙari a kan na Malam: ka ɗaga lambar f zuwa 8 ko sama, ƙofar haske ta tsuke, wurin da ke fita tsaf ya ƙaru. Haka masu manyan kamarori ke yi, har 16 suke kaiwa.

Malam Mai Hoto ya amsa:

Ɗan'uwa, a babbar kamara maganarka daidai ce, amma a nan sai an yi hattara. Ramin da haske ke bi a ido mai 5 mm ƙarami ne ƙwarai: a f/8 bai kai milimita guda ba. Haske in ya bi ta rami irin wannan bajewa yake yi, hoton duka ya yi laushi, har wurin da aka kama ɗin. A ƙaramar sensa wajen f/4 ne ke ba da hoto mafi kaifi. Bayan haka, da yawa daga kamarorin aljihu ba su da ƙofar da ke tsukewa ma, wani ɗan gilashi mai duhu suke saukarwa a ciki, lambar ta canja a allo, haske ya ragu, kaurin kuwa yana nan yadda yake. Hasara biyu ke nan. In tasa tana da irin wannan, gara ya bar ta a P, tsarin da kamara ke zaɓar lambar f da saurin ɗauka da kanta, ya kula da haske.

Yaya ta Birni ta amsa:

Ƙanena, ni kan haske zan tsaya, don shi ne rabin aikin.

Baƙin da kake gani a ƙasan hoto inuwar idon kamarar ce. Filashi yana sama, idon ya yi tsini a gaba, abin da kake ɗauka yana dab da shi, sai idon ya tare hasken. Farin da ke sama kuwa, filashin an yi shi ne don mutum da ke mita 2 ko 3, ba fure a santimita 5 ba. Mafi sauƙi ka kashe shi. Bar ISO, wato lambar ƙarfin jin haske na sensa, a 100 ko 200, in ta matsa 400. Sama da haka hoton zai cika da tsaki-tsaki, gashin ƙafar ƙudan zuma da zaren ɗinki su narke. Duba lambar saurin ɗauka a allo: a hannu kada ta gaza 1/125 na daƙiƙa, ga ƙwaro mai motsi 1/250 ko fiye. In ka ga 1/30, haske bai isa ba, nemi haske ko ka nemi abin ɗora kamara.

Abin ɗorawa ba sai ka sayi mai ƙafa uku ba. Cika safa da gero kamar kilo ɗaya ka ɗaure bakin, ka dasa kamara a kai, tana zama yadda ka karkata ta, a ƙasa ko a kan katanga. Sa agogon kamara na daƙiƙa 2, ka danna ka ɗauke hannu.

Lokaci kuma, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 8 da rabi. Hasken yana da laushi, iska ba ta taso ba, kuma da sanyin hunturu ƙwari sukan yi lamo a kan ganye har sai rana ta gasa su. Da damina, safiyar da ta biyo ruwan dare ta fi kowace, ga ɗigon ruwa a ganyen gero, ga ƙwari ko'ina. Ranar tsaka ta Damagaram ba ta hoton kusa ba ce: farin fure ya ƙone, inuwa ta yi baƙi ƙirin. In dole ne, wani ya riƙe maka farin ƙyalle tsakanin rana da furen. Ɓangaren da ya yi duhu ka mayar masa da haske da farar takarda, ko cikin ledar madarar gari mai ƙyalli, ka riƙe ta kamar tafin hannu ɗaya daga abin. Furen tumfafiya da na zogale suna da fari, sai ka rage maɓallin +/- zuwa -0.3 ko -0.7 in ka ga farin ya shafe zanen da ke jiki. Kada ka tsinke tumfafiya don ka gyara mata zama, ruwanta in ya shiga ido yana da haɗari, in ya taɓa gilashi kuma yana da wuyar fita. Kafa ɗan kara ka ɗaure reshen da zare, iska ta daina kaɗa shi.

Fata kuwa hasken gefe take so. Kai jakar bakin ƙofar zaure, haske ya zo mata daga gefe ɗaya ƙasa-ƙasa, nan za ka ga kowane ɗinki ya tashi da ƴar inuwarsa, jan da koren su fito da ainihin launinsu. In da tocila za ka haska, nuna wa kamara farar takarda a ƙarƙashin hasken ka saita mata fari, in ba haka ba ja zai koma shuɗi-shuɗi.

Ɗan Zango ya sake rubutawa:

Na gode, Malam, na gode, Yaya. Na gwada rula, milimita 32 na samu a santimita 4. Fata ta fito yadda ban taɓa gani ba. Amma fara ba ta bari in kai santimita 4, kuma inuwar kamarar kanta tana rufe ta. Akwai dabara?

Malam Mai Hoto ya amsa:

Akwai, kuma a nan ne zum zai yi maka amfani. Ana sa wani gilashi mai ƙara girma a gaban idon, sannan a ja zum zuwa ƙarshe, a kashe alamar fure. Ƙarfin gilashin lamba ce mai alamar +, irin ta tabaran karatu. Raba 100 da lambar, ka samu tazarar aiki a santimita: +4 santimita 25, +8 kamar 12 da rabi, +10 santimita 10. Girman da za ka samu kuma ya danganta da tsawon zum. Naka 25 mm ne, in ka haɗa da +10 za ka cika hoto da abu mai faɗin milimita 25 daga santimita 10. Ka ga ya ɗan fi abin da ka samu da rula, ga sarari na haske, fara kuma ba ta firgita ba. Bayan hoton ma zai narke ya yi sumul, gefuna su daina lanƙwasa.

Don gwaji, tabaran karatu na kasuwa mai +3 ya isa. Cire gilasan biyu ka haɗa su, sun zama +6, tazara wajen santimita 17. Tsakiya zai yi kyau, gefe zai yi laushi da ɗan jirwayen launi, saboda gilashi ne mai ƙwaya ɗaya. Wanda aka yi don aikin, irin Raynox DCR-250 mai +8, gilasai ne a haɗe da ke gyara wannan jirwaye, sai dai yana bukatar wurin maƙalawa, kuma kamarar aljihu ba ta da shi. Mafita ita ce guntun bututun roba mai faɗin da idon zai shiga ya fita ba tare da ya taɓa ba, a manna gilashin a bakinsa, a riƙe bututun a jikin kamara. Kada ka rataya komai a kan idon da ke motsi, haƙoran da ke tura shi na roba ne, in suka karye gyaran ya fi ƙarfin kamarar.

A santimita 10 filashi ma zai yi aiki, in ka tausasa shi. Yanko farar roba daga jarka, kamar faɗin tafin hannu, ka tsayar da ita santimita 5 zuwa 8 a gaban filashin, ta ɗan sunkuya kan abin. Kada ta manne da fitilar, tana zafi.

Ka kuma kiyayi ƙura, tunda aikin a ƙasa ake yin sa. Kada ka kashe kamara da yashi a jikin idon, zai ja shi ciki ya cije. Hure shi da ƴar robar hura iska, sannan ka goge da ƙyallen tabarau, ba da bakin riga ba. Ranar da hazo ya sauka, ta zauna cikin leda mai zif har sai ka durƙusa gaban abin da za ka ɗauka.