Neman kalma: me za mu kira "satrap" ɗin Masar?

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Gobe da safe za mu naɗi shirin tarihi a kan Batalamiyus na Farko, kwamandan Iskandar Mai Girma, sarkin Girkawa. Da Iskandar ya rasu a Babila a 323 kafin miladiyya, aka yi rabon daula, shi ya samu Masar da muƙamin satrap. Sai wajen 305 ya kira kansa sarki. A tsakanin nan me zan kira shi?

Malam Bagobiri: Gwamna. An gama.

Baffan Ummi: Gwamna bakin Turawa ne, Malam. Muna da hakimi.

'Yar Damagaram: Baffa, hakimi ya yi masa kaɗan. Wane hakimi ne zai tare gawar Iskandar a hanya ya karkatar da ita birnin Manfis na Masar? Mai riƙon daula, Fardikas, ya biyo shi da yaƙi har bakin Nilu, can sojojin Fardikas ɗin suka juya masa baya suka kashe shi.

Baffan Ummi: To na ƙirƙiro: riƙau, daga riƙo, a kan ma'aunin gagarau. Riƙau na Masar. Ku ji daɗinta a baki!

Malam Bagobiri: Idan sai an ƙi gwamna, a ce mai tuta, kamar waɗanda Shehu ya bai wa tuta. Ƙasa a hannunsa, sarauta da sunan wani.

Baffan Ummi: Ku mutanen Sakkwato komai sai kun kai shi gida.

Malam Bagobiri: Ku Kanawa kuma Hausarku kaɗai ce Hausa.

'Yar Damagaram: Mu na Nijar ba a ma tambayarmu. Baffa, Girkawan su ma aro suka yi, kalmar satrap ta Farisawa ce. Gidan Batalamiyus, wanda ya kafa ɗakin karatun Iskandariyya, ya mulki Masar har mutuwar sarauniya Kiliyobatira a shekara ta 30 kafin miladiyya, bai ji kunyar aro ba.

Baffan Ummi: 'Yata, su ta shafa. Riƙau.

Mai Shiri: Mai tuta za ta sa masu sauraro tunanin jihadi. Zan ce gwamna, in ƙara da cewa da sunan gidan Iskandar yake riƙe da ƙasar. Baffa, a yi haƙuri, riƙau zan ambace ta sau ɗaya.

Baffan Ummi: Sau ɗaya? To, a dai faɗi wanda ya ƙirƙiro ta.