Musayar waƙa: waya a hannun yaro, makirfo a hannun babba

'Yar Gwammaja:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na kama ƙanina yana zagin wani dattijo a TikTok wai don ba jam'iyyarsu ɗaya ba, yaron da ko katin zaɓe bai isa yanka ba, na ƙwace wayar amma wallahi na kasa barci shi ne na rubuta wannan. Amsa-amon "ya" ne, duk mai amsawa ya biyo ni a haka.

Da sunan Allah na fara, Sarki ɗaya,
Ku taya ni kuka, ƙanina ya saki hanya.
Sha uku shekarunsa, yana kwana kan waya,
Yana zagin sa'an babanmu babu kunya.
A 2024 aka yi doka can Ostireliya,
Ƙasa da sha shida, ba shi ba soshiyal midiya.
Ni dai ina roƙon a kawo ta Najeriya,
Ko na samu barci ya kai ni safiya.

Baba na Ƙofar Mata:
'Yata na ji kukanki. Na tsufa a aikin jarida, bari in ce wani abu.

'Yata share hawaye ki ji ta gaskiya,
Ba a TikTok yaron nan ya fara koyon tsiya.
Bayan isha'i kunna akwati ki sha hayaniya,
Sojojin baka ne, an sai musu fili an biya.
Wannan ya ce wa wancan ɓarawo, a yi dariya,
Mai gabatarwa bai nemi hujja ba ko ɗaya.
Ƙaninki na kan tabarma yana ji da zuciya,
Furar da manya suka dama ya sha a ƙwarya.
A 1939 aka kafa jarida a Zariya,
Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne ke jan tafiya.
Rimi ya kafa Triumph a nan Kano ta Dabo daga baya,
Jaridarsu Alfijir da ajami, har tsangaya tana biya.
Mu an koya mana ka ji ɓangare biyu kafin ka iya
Ɗora alƙalami, in ba haka ba ka yi ƙarya.

Ɗan Fagge:
Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ni ina cikin aikin yanzu kuma akwai abin da ba a gani daga waje.

Baba ban musa ba, amma ka dubi wuya,
Wata huɗu ba albashi, ga haya ga cefanen iya.
A taro a miƙo ambulan, wai kuɗin mota ne na tafiya,
Wanda ya ƙi karɓa a ƙafa zai koma gida baya.
Na taɓa bin labarin burtsatse, an ce an gina rijiya,
Na je unguwar, allo kaɗai na gani a kan hanya.
Mata da jarkoki suna bin 'yan garuwa tun safiya,
Na naɗi muryarsu, na dawo ina ta godiya.
Edita ya ce ajiye, mai aikin shi ke ba mu talla yana biya,
Har yau rahoton na nan kwance cikin waya.

Malama ta Kabuga:
'Yar uwa ni ma uwa ce, yarana uku duk suna taɓa waya, amma maganar doka tana ban tsoro don mun ga yadda ake yi da ita a ƙasar nan.

Yunin 2021 aka rufe Twitter a Najeriya,
Sai Janairun 2022 aka buɗe, wata bakwai ana wuya.
Yara suka sauke VPN, manhajar tsallake shinge, suka bi ta baya,
Masu talla a shafin su aka bari da asarar kaya.
Dokar laifukan intanet ta 2015, an ce don kariya,
Sashe na 24 ya kai 'yan jarida gaban alƙali sau da yawa a baya.
In an ce sai sha shida, wa zai tantance gaskiya?
Yaro zai ƙara shekaru, a kasuwar Farm Centre a saita masa waya.
NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin na nan tun 1992, sai ta fara da masu hayaniya,
Ta ce duk mai zargi a iska ya zo da hujja ko ya biya.

'Yar Gwammaja:
Baba ka gama da ni. Ɗazu na zaunar da shi na ce a ina ka ji wannan kalmar, sai ya ce a shirin da Abba yake saurara kullum muna cin tuwo, na rasa bakin magana.

Malama na ji, amma ban janye ba gaba ɗaya,
Sha uku ya yi kaɗan a sake shi cikin duniya.
Wayar na wurina sai Juma'a in muna lafiya,
Daren yau zan roƙi Abba mu ci tuwo ba hayaniya.
Yaya Ɗan Fagge, turo min muryar matan rijiya,
Ita zan kunna wa yaron gobe da safiya.