Takin ure a karan hatsi: abinci ne ko guba?

Mai turkar raguna, Tibiri: Assalamu alaikum jama'a. Maganar nan da ke yawo, wai a jiƙa takin ure a zuba wa karan hatsi a ba bisashe, ban yarda da ita ba. Ure na gona ne. Kowa ya san akuyar da ta sa baki cikin buhun ure ba ta ganin la'asar. Abin da ke kashe dabba cikin awa guda, sirka shi da ruwa ba ya mayar da shi abinci. Mai kuɗi ya sayi harawa, marar kuɗi ya ba da kara yadda Allah ya yi shi.

Likitan dabbobi, Maradi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Batun akuya gaskiya ne, kuma adadin ma ya fi yadda ake zato ƙanƙanta. Giram 1 na ure ga kowane kilo na nauyin dabba yana iya kashewa. Jar akuyarmu mai kilo 25, giram 25 ke nan, cokali biyu zuwa uku. Amma a duba yadda kisan yake. A cikin tumbi akwai ƙwayoyin halitta masu wani sinadari, uriyas, da ke fasa ure ya koma amoniya. In amoniyar ta zo kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin nan su gina jikinsu da ita, su gangara hanji, dabba ta narkar da su ta samu furotin. In ta zo gaba ɗaya, sai ta tsallaka jini ta fi ƙarfin hanta. Cikin minti 20 zuwa 60 za ka ga dalalar miyau, karkarwa, tangaɗi, ciki ya kumbura. In kuwa an jiƙa kara da ruwan ure an rufe shi a rami, fashewar nan a cikin karan take faruwa, makonni kafin dabba ta kusance shi.

Malamar aikin gona, Tarna: Bari in faɗi aikin dalla-dalla, don rabin masu zagin sa ba haka suka ga an yi ba. Kara busasshe kilo 100, a sassare shi gajeru, kamar tsawon yatsa. Ure kilo 5, ruwa lita 50. A dama har ba ƙwaya ko ɗaya a gindin bokiti. A shimfiɗa leda a rami ko a ɗakin ƙasa, a zuba kara kamar kamu ɗaya, a yayyafa ruwan ko'ina, a tattake da ƙafa sosai, a ƙara wani a kai, haka har ya ƙare. Sai a rufe da leda, a danne bakinta da ƙasa yadda iska ba za ta fita ba. Da zafin bazara mako 2 zuwa 3 ya isa, lokacin ɗari a ƙara masa mako guda.

In an buɗe, mai kyau ya yi ja-ja kamar ƙasa-ƙasa, ya yi laushi a hannu, warinsa na yaji a hanci da ido. Wanda ba ya wari, launinsa bai sauya ba, to ure bai fashe ba, ko ruwa ya yi kaɗan ko leda ta huje. Wannan shi ne mai haɗari. In ruwa ya yi yawa kuma, yakan tsiyaye ya taru a gindin rami da urensa, na ƙasan ya zama tarko. Wanda ya yi fumfuna baƙi a zubar.

Mai turkar raguna, Tibiri: Hajiya, kin dai lissafa mini hanyoyi uku da mutum zai rasa ragon Layyarsa.

Malamar aikin gona, Tarna: Na lissafa su ne don a gane su da ido da hanci, Alhaji. Ribar kuwa ga ta: furotin ɗin kara wajen kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ne, bayan aikin yakan kai 7 zuwa 9. Abin da ya fi wannan, amoniya na sassauta ɗaurin da ke tsakanin zaren kara da itacen da ya ƙanƙame shi, sai ƙwayoyin tumbi su samu shiga. Dabba ta ci da yawa, ta bar saura kaɗan a turke.

Malamin kimiyyar sinadarai, jami'a: Ni ina bayan Alhaji ta wata fuska, ba ta guba ba. A yi lissafi. Ure kashi 46 cikin 100 nasa nitrojin ne, kilo 5 na ɗauke da kilo 2.3. Ƙarin furotin kilo 4 a kara kilo 100, in ka raba da 6.25, lambar da ake mayar da furotin nitrojin da ita, nitrojin giram 640 ne kacal. Wato fiye da kashi biyu cikin uku ya tashi iska ranar da aka yaye leda. A ƙasar da gonar jigawa ke kukan taki, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Sannan a yi hattara da takardar awo. Hanyar Kjeldahl, tun 1883, nitrojin take ƙirgawa a ninka da 6.25 a kira shi furotin. Uren da bai fashe ba shi ma zai shiga lissafi. Ramin da ya lalace yana iya fitowa da lamba mafi kyau a takarda.

Likitan ciki, Maradi: Ku ba ni wuri kaɗan, don uriyas ɗin nan mu ma shi muke farauta. Ƙwayar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna tana haddasa gyambon ciki har suka samu kyautar Nobel a 2005, da shi take rayuwa cikin tsamin cikin mutum: ta fasa ure, ta lulluɓe kanta da amoniya. Gwajin numfashi a kan haka aka gina shi. Majiyyaci ya hura a jaka ta farko, ya sha ure kamar miligiram 75 mai ɗauke da kabon 13, wani nau'in kabon da ya ɗan fi na yau da kullum nauyi, bayan kusan minti 30 ya hura a ta biyu. In ƙwayar na nan, kabon 13 zai ƙaru a numfashinsa. Sai dai ya bar maganin kashe ƙwayoyi mako 4, maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole mako 2, in ba haka ba gwaji ya ce babu alhali akwai. Abin da ya shafi gardamarku: cikin mutum ba tumbi ba ne, ba mu da wurin da za a mayar da ure nama. Jaki da doki da kaji ma ba a lissafa su cikin wannan ciyarwa, haka ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba.

Malamin fizik, jami'a: Likita, na'urar da ke karanta jakar nan aikin kwantum ce zalla. Ƙwayar iskar kabon da muke fitarwa a numfashi tana girgiza ne a matakai ƙididdigaggu, kamar matakalar soro, ba a tsayawa tsakanin biyu. Tana shan hasken da ƙarfinsa ya yi daidai da tsallake guda, mai tsawon zango wajen maikuron 4.3 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙasa da ja inda ido ba ya gani. Kabon 13 ya fi kabon 12 na yau da kullum nauyi, girgizarsa ta fi jinkiri, sai wurin shan ya gusa zuwa wajen 4.4. Wannan ɗan gushin ake aunawa. Jaka ta farko kuma a wurinmu ba a wasa da ita, domin hatsi da dawa da masara sun fi shinkafa da alkama kabon 13, mai shan fura kullum ma'auninsa na farko daban yake. Da irin wannan haske Karl Norris da abokan aikinsa a Amurka suka auna ingancin ciyawa a 1976. Amma na'urar ciyawa da sakamakon Kjeldahl ake horar da ita, don haka gargaɗin Malamin sinadarai na nan daram.

Mai turkar raguna, Tibiri: Madalla da ilimi. Ni dai har yanzu ba a nuna mini ya fi harawa ba.

Likitan dabbobi, Maradi: Bai fi ta ba, Alhaji, ba kuma wanda ya ce ya fi. Harawar wake ta ninka shi furotin ko kusa da haka. Zancen na watan Afrilu da Mayu ne, lokacin da damin harawa ya yi tsada, kara kuma ga shi jibge a kan rumfa. Cewa tumbi na iya mayar da ure nono kuwa an gama gardamarsa: Artturi Virtanen a Finlan, cikin shekarun 1960, ya riƙe shanun tatsa da abincin da ure da gishirin amoniya kaɗai ne tushen nitrojinsa, suka ci gaba da ba da nono. Sharaɗin shi ne sabo da kuma abin ƙarfi. A ɗebo na yini ɗaya, a shanya a inuwa wari ya fita, a mayar da leda. A fara da ɗan kaɗan gauraye da kara na banza, a riƙa ƙarawa har kwana 10 zuwa 14. A haɗa da dusa, don ƙwayoyin tumbi ba sa amfani da amoniya sai da gari. Kar a ba dabbar da ta kwana da yunwa, kar a haɗa da ɗanyen waken soya, shi ma uriyas gare shi.

Malamin kimiyyar sinadarai, jami'a: Asarar nitrojin fa, Likita? Ba ka taɓa ta ba.

Malamar aikin gona, Tarna: Asara ce, Malam, ba musu. Ana rage ta da sauko da ure zuwa kilo 4 da kuma toshe leda da kyau, ba a kawar da ita. Mai saniyar tatsa ko shanun huɗa da bazara ta rame su, ya ci riba. Mai gona babba da tumaki biyu, gara ya kai buhunsa gona.

Mai turkar raguna, Tibiri: To in tsautsayi ya faɗa, likita na nesa, me mutum zai yi?

Likitan dabbobi, Maradi: A janye abincin daga gaban sauran nan take. A ɗura ruwan kal na girki, mai ƙarfin kashi 5: saniya lita 2 zuwa sama gwargwadon girmanta, rago ko akuya rabin lita zuwa lita 1. Tsaminsa na kama amoniya ya hana ta shiga jini. A bi da ruwan randa mai sanyi da yawa, yana sirkawa yana kuma rage saurin uriyas. A ɗura a hankali ta gefen baki, kai ba a ɗage sama ba. Dabbar da ta riga ta kwanta tana shure-shure kada a ɗura mata da kwalba, ruwan huhu zai tafi, sai da tiyo a hannun wanda ya iya. Duk mai niyyar buɗe rami ya ajiye ruwan kal ɗin a gida tun kafin ya yaye leda.